Gawon Rami na Bakwai

Ranar Talata, ashirin da shida ga watan Yuli na shekarar 2022, bishiyar gawo arba'in da ɗaya ce ta wayi gari a tsaye a gonar Malam Tanimu da ke gefen hanyar Tibiri. Kafin hantsi ya yi zafi, talatin da takwas suka rage.

Tun daga bakin titi autarsa Khaulat ta jiyo kukan injin yankan icce. Ba ta jira mai babur ɗin kabu-kabun ya gama tsayawa ba. Ta diro, ta tattare bakin zanenta, ta yanki gona da gudu, takalmanta suna nutsewa cikin jiƙaƙƙen yashi.

"Ku tsaya... Don girman Allah ku tsaya!"

Waɗansu baƙin maza biyu ne, har sun ɗora haƙoran injin a gindin bishiya ta huɗu. Suka kashe shi, suka ja da baya. A bayansu Ya'u ne tsaye, abokin aikinta a filin wasa mai ramuka da suke ginawa a gonar, wanda kuma ake shirin kai gaisuwar aurensa gidansu bayan kaka. Idanunsa sun faɗa, rigarsa ta jiya ce a jikinsa.

"Khaulat... yaushe kika..."

"Mi ka yi, Zakariya'u?"

Ba ta kiransa da cikakken suna sai ranta ya ɓaci, shi ma ya san haka.

"Sun mutu, Khaulat. Dubi fa. Babu ganye ko ɗaya, tun daga na bakin hanya har na ƙarshen gona. Ni na kashe su."

"Ka kashe su da mi?"

"Bayan tafiyarki na sa an zuba baƙin mai a yashin rami na bakwai. Wanda kika hana. Ruwa ya sauko, ya kai shi ga saiwoyi... Na so in kawar da waɗanda suka fi fitowa fili, in dasa sababbi, kafin Babanki ya gani."

Ta taka zuwa ga reshen da ke kwance a ƙasa, ta sa farcen babban yatsanta ta kankare ɓawon. Cikinsa kore ne shar, har da danshi. Ta nuna masa.

"Taɓa."

Ya taɓa.

"Ɗanye ne..."

"Gawo ne, Zakariya'u. Da damina yake zubar da ganye, da rani ya yi kore. Haka Allah ya halicce shi. Akuyar garin nan ma ta san wannan."

"Amma Yaya Sha'ibu ya ce..."

Sha'ibu, ɗan ƙanwar mahaifin Ya'u kuma mai kula da leburorin filin, yana jingine da babbar motar kamiyon da ya kawo don kwashe itacen. Ya cire asuwaki daga bakinsa.

"Mi na ce? Ka tambaye ni ko mai ne, na ce Allah masani. Ni malamin icce ne?"

"Kai da aka haifa a Tibiri," in ji Khaulat, "ba ka san gawo ba?"

"Ni ɗan aike ne, Injiniya. Mai fili ya ce a sare, na kawo masu sara."

Ta zauna a kan kututturen da ke kusa, garin katako mai ɗumi yana manne wa zanenta.

"Da bakina na yi wa Baba alkawari," ta ce a hankali. "Da bakina..."

Ba za a fahimci nauyin wannan sara ba sai an koma baya.

Malam Tanimu mutumin Jiratawa ne, can yake da lambunsa na zogale da albasa. Gonar hanyar Tibiri gado ce daga mahaifiyarsa, wadda Bagobira ce. Bayan farin 1984, lokacin da tudun ya zama fayau babu inuwar da kaza za ta fake, yana cikin manoman da suka daina tumɓuke kututture lokacin sassabe. Sukan zaɓi tohon da ya fi ƙarfi su bar shi, su datse sauran, su yi ta kiwonsa shekara da shekaru. Duk gawon da ke gonar ta wannan hanya ya raine su, da wuƙarsa da haƙurinsa.

Ita kuwa Maraɗi, tun da ambaliyar 1945 ta koro ta daga kwarin gulbi zuwa kan tudu, ba ta daina tafiya ba. Gonaki suna ta komawa filayen gini, kuma duk inda aka yanka fili, bishiya ce ke fara faɗuwa. Alhaji Safi, attajirin unguwar Zariya, ya riga ya saye gonakin da ke kewaye da ta Malam Tanimu, kowa kuma ya ɗauka yankawa zai yi.

Sai ɗansa Ya'u ya dawo. A Maraɗi aka yanke masa cibiya, amma tun bai fi shekara huɗu ba aka kai shi Lome, inda kayan mahaifinsa ke sauka daga jirgin ruwa. A can ya girma, a can ya koyi wasan golf, wanda ake buga ƙaramar ƙwallo da sanda daga nesa har ta faɗa rami. Ya iso gida a watan Nuwamba na 2021, gawo duk sun yi kore, da burin gina filin wasan mai rami tara. Mutane suka yi dariya. Khaulat, wadda ta karanta tsara ƙasa a jami'ar Yamai, ba ta yi ba. Ta lura cewa a cikin duk abin da attajiri zai iya yi da fili, wannan kaɗai ke bukatar bishiya a tsaye. Ita ta karɓi aikin zanen, ita kuma ta shawo kan mahaifinta ya ba da aron gonarsa, bisa sharaɗi guda: ba za a taɓa gawo ko ɗaya ba.

Ba a taɓa haɗa mutum biyu da suka bambanta kamarsu ba. Khaulat ba ta kafa turke sai ta auna ta sake aunawa, idan kuma ta koma gida ta tuna wani kusurwa bai daidaita ba, abinci ba ya shiga bakinta. Ya'u bai san zane ba, bai kuma damu ya sani ba. Ƙwallo yake ajiyewa a ƙasa, ya dubi iska, ya buga, ya bi ta yana fito, inda ta tsaya ya soka sandarsa.

"Nan ne ramin."

"Bisa wane lissafi?"

"Ƙwallo ce ta zaɓa, Madam Injiniya."

"Ƙwallo ba ta san inda ruwa ke kwanciya ba."

"Shi ya sa Allah ya ba ni ke."

"Ba a ba ka ni ba. Aiki aka ba ni."

"To, a hankali dai."

Abin mamaki, aikin ya yi kyau. Shi yana ganin inda ido zai so tsayawa, ita tana ganin inda ƙasa za ta yarda. Ramin da ya zaɓa takan matsar da shi kaɗan don kauce wa kwari, wanda ta zana shi kuma yakan lanƙwasa masa hanya don kada ya zama kamar layin 'yan lakol, yaran makarantar boko. Kafin azumi ya wuce, ɗan attajirin ne ke riƙe mata sandar awo cikin rana, ita kuma ta fara dariya a gaban leburori, abin da ba a san ta da shi ba.

Kewayen ramuka ne ya raba su. Tudun ba ya da ruwan da zai rayar da ciyawa, don haka dole a yi shi da ƙasa. Ya'u ya ce a cakuɗa yashi da baƙin man mota don ya kwanta lumui. Khaulat ta ce a yi daɓe irin na ɗakin iyayenmu mata, a yayyafa yashin gulbi a kai, domin mai guba ne ga ƙasa. Ya ce ƙwallo za ta yi gudu a kan daɓe kamar a faranti. Ta ce gara gudun ƙwallo da mutuwar gona. Ya ce ita komai tsoro. Wannan kalma ta sosa mata inda ke ciwo, ta tattara kayan awonta ta tafi Jiratawa a farkon damina, ta ƙi ɗaukar salularsa.

Leburori duk sun koma noman gonakinsu. Ya'u, wanda bai taɓa ganin daminar ƙasarsa da idon babba ba, ya rage daga shi sai Sha'ibu. Shi kuwa Sha'ibu dillalin filaye ne da wannan aiki ya toshe wa hanya, kuma ya taɓa neman Khaulat aka ba shi haƙuri. Da kiran Ya'u ya ɗauke gaba ɗaya, hankalin Khaulat ya kasa kwanciya, shi ne ta hau kabu-kabu a wannan safiya.

Da la'asar suka isa Jiratawa. Ya'u ya nace shi zai faɗa da bakinsa. Suka tarar da Malam Tanimu a lambu yana gyara hanyar ruwa tsakanin kunyoyin zogale. Ya'u ya cire takalmi, ya durƙusa a kan laka, ya faɗi komai, har da baƙin man, har da niyyar dasa sababbi kafin a gani.

Tsohon bai ɗago ba sai da ya gama toshe kunyar da yake kai.

"Waɗanne?"

Khaulat ce ta amsa.

"Ta bakin rijiya... da mai rassa biyu... da ta kusa da rami na bakwai."

"Ta Inna ke nan."

"I, Baba."

A gindin wannan bishiya mahaifiyarsa takan zauna ta sha fura a shekarunta na ƙarshe, lokacin da ba ta iya riƙe hauya.

"Baba, wallahi ba da gangan..." in ji Ya'u.

"Na sani. Da gangan ne, da na san da wa nake magana." Ya jingine fartanyarsa. "Rashin sanin icce ba laifinka ba ne, laifin waɗanda suka raine ka nesa da gida ne. Amma ka yi zaton ka yi mini ɓarna, kuma abin da ya fara zo maka shi ne ka binne ta kafin in gani. Shi ne zan ɗauki ɗiyata in ba ka? Ranar da ka ɓata mata, ina za ka binne?"

"Baba..." Khaulat ta durƙusa ita ma.

"Ke yi shiru. Ke kika tsaya masa." Ya juya ga Ya'u, idanunsa sun kaɗa. "Wallahi tallahi, ba zan ba ka ita ba sai kututturen nan uku sun yi toho. Uku na ce. Idan sauran sun yi ganye bayan kaka, zan zo in duba da idona."

Tun tasowarta Khaulat ba ta taɓa jin mahaifinta ya rantse ba. Ta kuma san abin da Ya'u bai sani ba: ƙaramin kututture kan yi toho cikin sauƙi, amma na bishiyar da ta doshi shekara arba'in, wani ya yi, wani ya tafi ke nan.

A gidan Alhaji Safi da ke unguwar Zariya, Hajiya Rahmatu, mahaifiyar Ya'u, ta kasa zama.

"Kan icce? Icce uku za a durƙusar mini da ɗa a cikin laka? Alhaji, a aika masa da bishiya ɗari daga gandun gwamnati mana."

"Ba irin wannan yake nufi ba, Hajiya," in ji Ya'u.

"To ya riƙe ɗiyarsa. Ga Fadila ɗiyar ƙanena nan, ba ta san rana ba, ba ta yawo cikin maza da igiyar awo."

"Ni wadda ta san rana nake so."

"Ji shi. Har ya rame."

Alhaji Safi mutum ne mai ƙarancin magana. Ya kira Sha'ibu, ya yi masa tambaya ɗaya ko biyu, washegari ya cire hannun Sha'ibu daga filin. Sannan ya ce wa ɗansa:

"Malam Tanimu bai zalunce ka ba. Ka je ka yi abin da za ka iya. Idan bai ba ka ba, ka koma Lome, domin ba za ka iya zama gari ɗaya da ita kana kallo ba. Na san ka."

Sha'ibu bai zauna ba. Kafin wata ya zagayo, wata gwaggonsa ta fara zuwa Jiratawa da goro da turare, wai zumunci. Khaulat takan ji muryarta daga ɗaki tana cewa yarinya ba ta jiran kututture, shekaru suna tafiya, ga ɗan gida wanda ya san ƙasa.

Ya'u ya kwashe yashin da aka zuba wa mai, har da ƙasar da ke ƙarƙashinsa, aka fitar da shi daga gonar. Ya sari ƙaya da hannunsa ya kewaye kututturen uku saboda awaki, tafukansa da ba su san komai ba sai sandar wasa suka farfashe. An hana shi zuwa zance, saboda haka a wurin aiki kaɗai suke ganin juna. Kowace safiya Khaulat kan fara da zagaya kututturen. Ta durƙusa, ta share ƙasa da yatsa, ta duba kowace tsaga, ta tashi.

"Yau fa, Khaulatuna?"

"Babu."

"Kin karya kumallo?"

"Ba na jin yunwa."

"Idan suka yi toho suka tarar amaryar ta ƙare fa?"

"Kada ka yi mini wasa, Ya'u. Ba yau ba."

Ya daina. Fiton da yake yi ma ya daina. Suka ci gaba da aiki, aka kira matan Tibiri suka yi daɓen kewayen ramuka da madaɓai suna waƙa, ya gwada ƙwallo a kai, ya ce ta yi gudu kaɗan amma zai saba.

A watan Satumba na bakin rijiya ya fitar da toho, siriri, mai ƙananan ƙayoyi. Khaulat ta rufe fuska da mayafi ta yi kuka. Lokacin da ake yankan gero mai rassa biyu ya biyo baya. Ta Inna kuwa shiru. Samanta ya yi fari, ya fara tsagewa, gara ta soma gini a gefe guda. Ya'u yana kankare ginin garar kullum, kullum tana sakewa.

Nuwamba ta shigo. Sauran gawon suka yi kore kamar an watsa musu launi, har mai wucewa a mota yana waiwaye. Ran nan bayan sallar magariba Malam Tanimu ya ce wa ɗiyarsa, ba tare da ya dube ta ba:

"Gobe bayan azahar zan je gona."

Da sassafe Khaulat ta isa filin. Ya'u ya riga ta, yana zaune kusa da kututture na uku. Ta waiga dama da hagu, sannan ta fito da wani abu daga ƙarƙashin hijabinta. Ɗan dashen gawo ne a cikin baƙar leda, daga cikin waɗanda mahaifinta ke reno a lambu.

"Mene ne wannan?"

"Saurara, Ya'u. Ka ga tsagar nan ta gabas? Zan tona a ƙarƙashinta, in cusa saiwar, in fito da kansa ta jikin kututturen, in mayar da busasshiyar ƙasa. Gawo yakan yi toho daga saiwa. Babu wanda zai gane, ko ma'aikatan gandun daji."

Ya dube ta kamar bai taɓa ganinta ba.

"Ke? Ke da kika sa aka tuge turakun rami na uku gaba ɗaya saboda taƙi guda?"

"Wannan daban."

"Ina bambancin?"

"Wancan turke ne. Wannan kai ne..." Ta ƙanƙame ledar. "Ka ce ni komai tsoro. Gaskiya ka faɗa, ina tsoro. Baba ya rantse, Ya'u. Ba zai janye ba, ni kuma ba zan iya saɓa masa ba. Za ka koma Lome, a bar ni da gwaggon Sha'ibu da turarenta... Ka bar ni in yi, ba sai ka sa hannu ba. Ka juya baya kawai."

"A'a, masoyiyata."

"Don Allah..."

"Sau ɗaya na nemi rufe wa Baba ido. Ga abin da ya haifar nan a gabanki, gara tana ci."

"To mu rasa juna ke nan?"

"Ban sani ba. Wallahi ban sani ba, Khaulat. Tun jiya ƙirjina kamar an ɗora dutse." Ya goge fuskarsa da bayan hannu. "Amma ki duba. A ce ya yarda, an ɗaura. Duk ranar da ya zo gonar nan ya tsaya a kan wannan toho yana cewa Inna ta dawo, ni ina gefe ina cewa i, Baba? Shekara nawa zan yi ina faɗin haka? Ke za ki iya kallonsa?"

Ta zauna a ƙasa, ledar a cinyarta, hawaye suna sauka a kan ƙananan ganyen.

"Ba ni shi," ya ce.

Ta miƙa masa. Ya ɗauki dagi, ya taka nesa da kututturen, ya tsaya a sarari inda kowa zai gani, ya fara tona.

"Nan tsakiyar hanyar ƙwallo ne," ta ce cikin kuka. "Kai ka ce kada a sa komai a nan."

"Masu wasa su koyi kewayawa."

Bayan azahar Malam Tanimu ya iso a kan tsohon babur ɗinsa. Bai amsa gaisuwa da fiye da kalma ɗaya ba. Ya fara da na bakin rijiya, ya buɗe shingen, ya tsuguna. Toho biyar ne suka fito. Ya daɗe yana kallonsu, sannan hannunsa ya shiga aljihu ya fito da wuƙa, ya datse huɗu ya bar mai ƙarfin, kamar yadda ya yi wa uwarsu a 1985. Haka ya yi wa na biyu.

A na uku ya fi daɗewa. Ya ƙwanƙwasa shi da ƙotar wuƙa, ya kankare gefe, ya tona ƙasa ya bi saiwa da yatsa.

"Ya mutu, Baba," in ji Ya'u. "Babu abin da ban yi ba. Ya mutu."

Tsohon ya miƙe da ƙyar, hannu a gwiwa. Idonsa ya sauka a kan ɗan dashen da ke can tsakiyar fili, da sabuwar ƙasa a gindinsa.

"Wancan daga lambuna yake."

"Ni na ɗauko, Baba." Khaulat ta sunkuyar da kai. "A jikin kututturen na so in sa shi, don ka ɗauka toho ne. Shi ya hana ni."

"Na ga fitarki da shi da safe. Na taho hanya ina shirin ganin toho uku, ina tunanin abin da zan ce muku."

Ya mayar da wuƙarsa aljihu, ya dubi kututturen, ya dubi Ya'u tun daga fuska har zuwa tsagaggun hannuwansa.

"Uku na ce."

Ya hau babur ɗinsa ya tafi.

Khaulat ta koma Jiratawa ta shige ɗaki. Ya'u ya kira, ta ɗauka, ya ce mata Alhaji ya sa a nema masa mota mai zuwa Lome a mako mai kamawa. Ta ce Allah ya kiyaye hanya, ta kashe salular kafin ya ji sauran. Mahaifinta bai ce mata komai ba ranar, bai ce ba washegari. Yana fita lambu, yana dawowa, yana cin tuwonsa shi kaɗai.

Ranar Juma'a da hantsi ƙamshin dahuwa ya fito da ita tsakar gida. Babbar tukunyar biki ce a kan murhu, mahaifiyarta tana juya shinkafa, fatar ɗan akuya tana shanye a kan katanga.

"Inna, baƙi za a yi?"

"Tambayi ubanki. Ni dai an ce in dafa."

Ta leƙa zaure. Mutane ne zaune a kan tabarmi, waɗanda ta san su a garin: makahon bakin masallaci, da tsohuwar da 'ya'yanta suka tafi ci-rani ba su dawo ba, da gurgun da ke gyaran takalma, da waɗansu irinsu. Malam Tanimu da kansa yake ɗaukar kwanuka yana ajiye wa kowa nasa. Ta bi kwanukan da ido. Goma ne.

Ta jira har ya fito ɗaukar ruwa.

"Baba... sadakar mi ce?"

"Ba sadaka ba ce. Kaffara ce." Ya cika buta daga randa, bai dube ta ba. "Tsoho ya yi fushi, ya rantse a kan abin da ke hannun Allah. Malamai sun ce wanda ya rantse, sannan ya ga abin da ya fi alheri, ya ciyar da miskinai goma ya bi alherin."

"Baba..."

"Kada ki jiƙa mini riga, ina da baƙi. Kira yaron nan, ki ce ya turo magabatansa. Ki kuma gaya masa shingen da ya yi wa ɗan dashen ya yi gajere, akuya za ta tsallaka."

An ɗaura auren Zakariya'u da Khaulat a Jiratawa ranar Asabar, sha huɗu ga Janairu na 2023. A ƙarshen wannan rani aka buɗe filin da ramukansa tara. Kututture na uku bai yi toho ba, kuma ba a tumɓuke shi ba.